Kalmar da ke sayar da lemon kuzari a Mubi

Idan jarrabawa ta ƙarato, Fearless da Predator ba sa kwantai a shagunan da ke kewaye da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Mubi. Haka ma direbobin tirela masu lodin shanu zuwa Kudu, da wuya a rasa kwalba a gefen kujerarsu. Masu talla kuwa sun daɗe da samun kalmar Turancin da suke jan su da ita: energize, wato sa wa mutum kuzari.

Asalinta Girkanci ne. "En" na nufin ciki, "ergon" kuma aiki. Aristotle ya yi amfani da "energeia" wajen bambanta abin da ke tsaka da aikinsa da wanda iyawar kawai ke kwance a jikinsa. Turawan Ingila suka ƙero aikatau daga nan a tsakiyar ƙarni na 18, sannan a 1807 Thomas Young ya ba "energy" ma'anar da masana kimiyya suka san ta da ita.

A bakin ma'aikatan kamfanin wutar lantarki na YEDC kalmar ba ta da rufa-rufa. In suka ce sun yi wa taransifoma "energize", wuta suka sakar masa, kuma 'yan unguwa za su gani a ƙwan fitila.

A cikin kwalba ne zancen ya sha bamban. Sukarin ciki yana ɗan ba jiki abin ƙonawa, amma kafeyin ba abinci ba ne. Aikinsa ya tare sinadarin adinosin, mai kai wa ƙwaƙwalwa saƙon gajiya. Direban da ya sha kwalba ya bar Mubi cikin dare, ya wuce Hong ido a bushe, gajiyarsa tana nan daram, labarinta ne bai iso ba, kuma tana iya rufto masa kafin Yola. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana ɗauke da miligiram 80 na kafeyin, hukumar kula da abinci ta Turai kuma ta ce har zuwa 400 a yini ba abin damuwa ba ne ga baligi mai lafiya.

Goro ma kafeyin ne a cikinsa, amma dattawan da ke tauna shi sun fi masu talla gaskiya: kore barci suke cewa yana yi, in yunwa ta zo kuma a nemi fura da nono.

Ya kamata hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta tilasta wa kamfanonin nan rubuta yawan kafeyin da manyan baƙaƙe a gaban kwalba, da gargaɗi cikin Hausa da Fulatanci, harsunan da ake ciniki da su a kasuwar Mubi.