Kama Da Wane Ba Ta Wane: Kalmomin Sulhu A Ingilishi

Sau da yawa ɗalibi kan tambayi ma'anar mediation ko arbitration, sai malami ya ce masa duk sulhu ne, a wuce wurin. A ganina wannan gajarta zance cutar ɗalibi take yi, domin kowace kalma a cikinsu tana da nata aiki, kuma saɓa musu wuri kan sa a yi wa labari gurguwar fahimta.

Mu ɗauki kalmomi uku. Mediation ita ce shiga tsakani: mai yin ta yana kusanto da masu husuma, yana ba da shawara, amma ba shi da ikon tilasta wa kowa. A arbitration kuwa, masu gardamar ne da kansu suke zaɓar mai raba su, tare da alƙawarin karɓar abin da ya yanke. Ta wannan hanya aka ba Masar yankin Taba a 1988, bayan jayayyarta da Isra'ila. Adjudication ita ce hukuncin kotu.

Rikicin Bakassi ya isa misali. Kamaru ta kai ƙarar Nijeriya Kotun Duniya a 1994, kotun ta ba ta yankin a watan Oktoba na 2002. Wannan hukunci ne. Amma hukunci ba ya janye soja daga daji. Sai da Kofi Annan ya shiga tsakani, shugabannin ƙasashen biyu, Obasanjo da Biya, suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, sannan aka kammala miƙa yankin a 2008. Ɗalibin da ya kira matakan nan biyu da suna ɗaya ba zai gane dalilin da ya sa abin ya ci shekara shida bayan hukunci ba.

Haka nan kalmomin dakatar da yaƙi. Ceasefire tsagaita wuta ce, tana iya zama ta 'yan kwanaki. Armistice yarjejeniya ce a rubuce ta daina faɗa, amma ba ta warware tushen rikici. Peace treaty ita ce take rufe yaƙi a hukumance. Yaƙin Koriya ya tsaya da armistice a 1953, kuma har yau ba a ƙulla peace treaty ba. Shi ya sa iyakar Koriya ta Arewa da ta Kudu take cike da soja.

Wani zai ce wannan zurfi na lauyoyi ne, ya fi ƙarfin ɗan sakandare. Ban yarda ba. Yaron da ya san bambancin dattijon da ke sasanta maƙwabta da alƙalin da ke yanke shari'a ya riga ya mallaki ma'anar, sunanta na Ingilishi kawai ya rage masa.

Saboda haka ina kira ga malamai da su koyar da kowace kalma tare da labarinta na gaskiya. Ku kuma ɗalibai, duk inda kuka ci karo da irin waɗannan kalmomi a jarida, ku tambayi kanku: wa ke da ikon yanke magana a nan, kuma wa ya ɗaure kansa da bin ta?