Wa Ya Sa wa Kujerar Majalisa Farashi?

A shekarar 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar Majalisar Dokokin Jiha a kan naira miliyan 2, ta Majalisar Wakilai kuwa miliyan 10. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan mataki sai ya tara albashinsa na shekara biyar da rabi, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi ƙaramar takardar. Babbar kuwa sai ya yi kusan shekara ashirin da takwas yana tari. PDP ta yi rangwame, amma naira 600,000 ma ba kuɗin malamin firamare ba ne.

Takarda kuma somin taɓi ce. Ga hidimar deliget, ga motoci, ga tsarabar dattawan jam'iyya. Sashe na 107 na Kundin Tsarin Mulki ya ƙara mana wani shinge: sai ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe. Ɗan kasuwa ya faɗi, ya koma kantinsa. Malami ya faɗi, ina zai koma?

Za a ce mana ai Kauran Gwandu, Gwamna Nasir Idris, namu ne, tsohon shugaban NUT na ƙasa. Haka ne, kuma ba mu raina albashin naira 75,000 da ya amince da shi a 2024 ba. Sai dai mutum guda da ya tsallake katanga bai zama shaidar cewa ƙofa a buɗe take ba. Manomin shinkafa na fadamar Kalgo da mai sana'ar ƙuli-ƙuli a Dodoru ana neman su ranar layi, ba a neman su ranar raba kasafi. Shi ya sa ake iya yanka kuɗin gyaran ajujuwa ba wanda ya ɗaga murya a zauren. Masu zaman ciki 'ya'yansu ba a ƙasa suke zama ba.

Malam Aminu Kano da alli ya fara. Kotun Ƙoli kuma tun 2003, a shari'ar INEC da Balarabe Musa, ta tabbatar wa ma'aikaci 'yancin shiga jam'iyya. Don haka muna kira ga uwar ƙungiya ta jiha ta nemi doka ta ƙayyade kuɗin takardar takara, a kuma bai wa ma'aikaci hutu ba albashi maimakon murabus. Mu kuma a reshe, kowa ya yanki katin jam'iyya a mazaɓarsa kafin zaɓen shugabannin gunduma, domin a can ake fitar da deliget.