Gwajin Jini Don Ceton Bakwaini

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai wajen miliyan 13.4 kafin cikinsu ya kai mako 37, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. Saboda haka zancen bakwaini zancen gidajenmu ne.

Tun jariri yana ciki, akwai wata 'yar jijiya da ke haɗa manyan hanyoyin jini biyu da ke fita daga zuciya, don jini ya kauce wa huhu, tun da huhun bai soma aiki ba. In ya cika watanninsa, jijiyar takan rufe cikin kwana biyu ko uku. Ga bakwaini kuwa sau da yawa takan zauna a buɗe, jini ya yi ta kwarara cikin huhu, zuciya ta jigata.

Hoton zuciya da na'ura shi ne ke tabbatar da wannan cuta. To, amma asibitoci nawa ne ke da na'urar da gwanin sarrafa ta? Nan ne gwajin jini ya shigo. Idan zuciya ta sha nauyi takan saki wani sinadari da ake kira BNP, wanda masana a Japan suka gano a 1988. Yawansa a jini alama ce cewa a gaggauta kai yaro inda za a ɗauki hoton.

Lalle mun yi na'am da wannan, amma da sharaɗi. Har yanzu likitoci ba su daidaita a kan adadin da za a ce daga nan haɗari ya fara ba. Magungunan rufe jijiyar, irin su indomethacin da aka soma ba jarirai a 1976, suna iya taɓa ƙoda da hanji, ga shi kuma jijiyar takan rufe da kanta ga yara da dama. Kada a ɗura wa ɗan mutum magani don lamba kawai. Kuma jaririn da nauyinsa kilo ɗaya ne, duk jinin jikinsa bai kai rabin kofin shayi ba, sai a yi hattara wajen ɗiba.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da na jihohi su sa gwajin a manyan asibitoci, su tanadi mota mai kwalbar jarirai, don wanda gwaji ya nuna a kai shi ga hoton a ranar.