Maye da Bindiga: Wace Kotu ce Za Ta Bi Kadin Jinin Bazazzagi?

A cikin ganuwar Zazzau ba a san gidan giya a fili ba. Mai nemanta sai ya fita ta Ƙofar Doka ya nufi Sabon Gari. Sai dai maye ba ya tsayawa inda aka sha shi, kuma kodin da tiramol da wiwi ba sa neman izinin sarkin ƙofa. A daidai wannan lokaci bindiga ta yawaita a tsakaninmu. Hare-haren masu garkuwa da mutane, irin wanda aka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a Yunin 2021, sun sa muna neman ƙarin 'yan sanda da 'yan sintiri da mafarauta a bakin unguwanninmu. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne halin da mai riƙe da makamin yake ciki.

Musulunci ya san wannan haɗari tun da wuri. Bukhari ya ruwaito cewa kafin a haramta giya, Sayyidina Hamza (RA) ya sha, ya zare takobi ya sassare raƙuman Sayyidina Ali (RA) guda biyu, kuma da Manzon Allah (SAW) ya iske shi cikin maye sai ya juya ya bar wurin. In giya ta yi haka da Zakin Allah, ina ga saurayin da aka miƙa wa bindiga a shingen bincike? Bayan haramci kuwa, uzuri ya yanke. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo cewa Marwan ya rubuta wa Mu'awiya game da mashayin da ya kashe mutum, amsa ta zo a yi masa ƙisasi. Wanda ya gusar da hankalinsa da hannunsa ba ya fakewa da gushewarsa.

Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da wannan ba. Dokar makamai ta 1959 ta hana a ba mashayi lasisin bindiga, kundin finalkod na Arewa kuma bai ɗauki maye a matsayin kariya ba sai ga wanda aka shayar da shi bisa tilas ko ba da saninsa ba. Matsalar tana wajen rabon iko. Tun 2001, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, kotunan shari'ar Musulunci ke aiki a yankunan Musulmin Jihar Kaduna, kuma shan giya na cikin abin da za su iya saurare. Amma Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa tarayya dokar makamai da ikon 'yan sanda da soja. Mai kaki in ya yi harbi, hukumarsa ce ke fara tuhumarsa a cikin gida, ita ce kuma ke riƙe da shaidu. In ƙara ta isa babbar kotu, antoni janar, wanda gwamna ya naɗa, yana da ikon janye ta kafin hukunci. Nan siyasa ke samun ƙofa: talakan da aka kama da kwalba ya sha hukunci cikin sauri, mai uban gida da ya haɗa kwalba da kunamar bindiga a ce ana bincike.

Zazzagawa sun san ɗacin wannan jira. Abin da ya faru a Disambar 2015 ba batun maye ba ne, amma ya nuna yadda shari'a ke tafiya in bindigar hukuma ce. Kwamitin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba ya tabbatar da binne mutum 347 a kabari ɗaya, ya nemi a gurfanar da sojojin da ke da hannu, ba a gurfanar ba. In an iya kau da kai daga ɗaruruwan rayuka, wa zai tsaya wa rai ɗaya da harsashin mashayi ya ɗauke?

Akwai abin da ke hannunmu. Masu unguwanni da limamai su ƙi sa hannu ga duk ɗan sintirin da aka san shi da shaye-shaye, ko ɗan wane ne. Mu matsa wa wakilanmu a riƙa gwajin ƙwaya kafin a damƙa wa jami'i makami, a kuma gwada shi nan take bayan kowane harbi, tun shaida ba ta bar jininsa ba. Sannan mu tuna cewa afuwa da karɓar diyya haƙƙin magadan mamaci ne. Sulhun da ɗan siyasa ya ƙulla da tsoratarwa zalunci ne na biyu.

Allah Ya tsare mana rayuka da hankula, Ya ba alƙalanmu ƙarfin tsayawa kan gaskiya.