Sauran Maganin Wanki a Ruwa da Dokar Tufafi ta Turai

Malaman fikihu sun tabbatar cewa abu uku ke nuna sākewar ruwa, watau launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan hukuncin tsarki ne, yana nan daram. Amma cutarwa wata mas'ala ce dabam, domin akwai abin da ke ɓuya a ruwa garai-garai.

A shekarar 1984 masana a ƙasar Suwizalan suka sami wani abu mai suna nonilfenol jibge cikin lakar ruwan ƙazanta. Asalinsa maganin wanki ne irin na masaƙu. In ya ruɓe sai ya rikiɗa haka, ya riƙa ɓata haihuwar kifi. Na'urar da ke tona asirinsa ma'auni ce mai ban al'ajabi: takan ɗora wa ƙwayoyin abu cajin lantarki, ta rarrabe su bisa nauyinsu, kowane iri da alamarsa, tamkar tambarin falke a jikin dila.

Saboda haka tun Fabrairun 2021 Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin tufafi masu shan wanki muddin maganin ya kai kashi 1 cikin 10,000 na nauyinsu. Gwanjo kam an ɗauke masa. Attajirin da ke nufin kasuwar can, lalle ne ya nemi takardar awo daga masaƙa kafin ya ɗaure kaya.