Sharhi: Liƙin Dalma, Darasin Farko na Mai Koyon Gyara



Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, hannun mai gyara bai huta ba. A Janfalan da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan, manomin rake ko na tumatir ta waya yake jin farashin kasuwa, ga rediyo da tocila kullum a gefensa. Sau da yawa abin da ke kashe waɗannan kaya bai wuce siririyar waya da ta tsinke ba, ko bakin caji da ya saki. Maganinsu liƙin dalma, kuma a kansa maigida ke fara ɗora yaron shago.

Kayan aikin kaɗan ne: ƙarfen liƙi, da zaren dalma, da man da ke cinye dauɗar ƙarfe don liƙin ya kama. Zaren da aka saba da shi haɗi ne na kuza kashi 60 da dalma kashi 40, yana narkewa idan zafi ya kusa digiri 190. Inda babu lantarki, a garwashi ko risho ake gasa ƙarfen.

Ɗan koyo yakan narka dalmar a bakin ƙarfe, ya ɗiga ta a kan waya mai sanyi. Sai ta dunƙule, ta yi duhu, kwana biyu ta ɓalle. Gwani kuwa mahaɗar yake fara gogewa, ya dafa mata ƙarfe daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya kawo zaren, dalma ta malale da kanta, ta bushe tana sheƙi. Idan ƙarfen ya daɗe a wurin, zafi ya ɗaye layin tagullar da ke jikin allon na'urar. Shi ya sa a matacciyar rediyo ake koyo kafin a taɓa wayar mutane. Wayoyin yanzu ma sun fi wuya, domin tun 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita dalma a kayan lantarki, kamfanoni suka koma haɗin da sai zafi ya kai wajen digiri 220 yake narkewa.

Dalma guba ce. A 2010 ƙurar duwatsun zinariya masu dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara. Haɗarin shago bai kai wannan ba, amma riƙe zaren da baki, ko cin abinci ba a wanke hannu ba, shigar da ita jiki ne sannu a hankali. Hayaƙin man kuma yana tayar da asma, don haka inda iska ke ratsawa ake zama.

Matashin da hannunsa ya faɗa zai iya wucewa Zariya ko kasuwar Farm Centre ta Kano ya ƙaro ilimi. Ya kamata ƙananan hukumomin nan uku su sa wannan sana'a cikin shirye-shiryensu na koyar da matasa, su haɗa wa kowane ɗalibi da ƙarfen liƙi mai aiki da batirin sola.