In Waya Ta Riƙa Mutuwa, A Fara Tuhumar Batir

Jama'a, akwai wata cuta da ta zama ruwan dare a wayoyin hannu na zamani, waɗannan masu gilashi da a ke shafawa da yatsa. Mutum yana tsakiyar magana, ko kuwa ya tsaya gaban mai kanti zai tura kuɗi, sai wayar ta yi ɗif ta mutu, alhali kuwa ɗazun nan ta nuna saura caji kashi 30 ko 40 cikin 100. Wata kuma kashe kanta ta ke yi ta sake kunnawa, sau uku sau huɗu a wuni. Abin da yawancinmu mu ke yi ɗayan biyu ne: ko a ruga wurin mai gyara a ce ya yi mata filashin, ko kuwa a fid da rai a shiga neman bashin sayen wata. Ni kuwa na ce duka biyun gaggawa ce, kuma irin gaggawar da ta ke yi wa masu ƙera wayoyin daɗi. Sau da yawa wayar lafiyarta lau, batirinta ne ya tsufa, shi kuwa batir abu ne da a ke sakewa.

Bari in bayyana yadda abin ya ke, gama wanda bai san ciwo ba shi a ke sayar wa kowane irin magani. Ku ɗauki batir kamar tankin ruwa mai bututu. Sa'ad da ya ke sabo, tankin babba ne, bututun kuma a buɗe ya ke. In ya kwana biyu sai abu biyu su same shi: tankin ya ƙanƙance, bututun kuma ya fara toshewa. Na farkon kowa ya san shi, shi ne cajin da ba ya kai mutum la'asar. Na biyun shi ne mugun. Ƙwaƙwalwar waya ba kullum ta ke shan wuta daidai wa daida ba. In ka buɗe kyamara, ko ka kira wani ta bidiyo, sai ta nemi wuta mai yawa a lokaci guda. Tsohon batir ba ya iya ba da ita, ƙarfin wutar ya faɗi ƙasa da abin da injin ya ke bukata, nan take wayar ta kashe kanta don kada kayan cikinta su lalace. Watau ruwa yana nan a tanki, bututu ne ya kasa. Shi ya sa in ka sa ta a caji sai ta farka ta nuna maka kashi 35 ɗin nan, kamar ba ita ba.

Kada wani ya ce wannan cutar wayar talaka ce kaɗai. Ta kama ɗaya daga cikin wayoyin da suka fi tsada a zamaninta, kuma labarin ya isa a ji shi. A cikin 2016 masu iPhone 6 da 6s, a ƙasar Sin da sauran wurare, suka yi ta kukan wayoyinsu suna mutuwa da sauran caji. A watan Nuwamba na shekarar kamfanin Apple ya ce wasu 'yan kaɗan ne cikin 6s da aka ƙera a Satumba da Oktoba 2015, ya ce zai sake musu batir kyauta. Sa'an nan a watan Janairu 2017 ya fito da sabuwar manhajar sarrafa waya, iOS 10.2.1, mutuwar kuwa ta ragu ƙwarai. Abin da bai faɗa ba shi ne dabarar da ya yi: in manhajar ta ga batir ya tsufa, sai ta rage wa wayar sauri don kada ta nemi wutar da batirin ba zai iya bayarwa ba. Mutane suka ga wayoyinsu sun yi nauyi, suka ɗauka tsufa ne ya kama su gaba ɗaya. Sai a watan Disamba 2017, bayan masu gwajin saurin waya sun baje alƙaluma a fili, kamfanin ya amsa, ya nemi gafara, ya rage kuɗin sake batir daga dala 79 zuwa dala 29 har ƙarshen 2018.

Gaskiya a faɗe ta, dabarar kanta ba mugunta ba ce. Waya mai tafiyar hawainiya ta fi matacciya. Laifin shi ne ɓoyewa, domin mutumin da bai san batirinsa ne ya gaji ba, sabuwar waya zai nufa. Hukumomi ma haka suka gani. Italiya ta ci Apple tarar yuro miliyan 10 a watan Oktoba 2018, ta kuma ci Samsung miliyan 5 a kan sabunta manhajar da ya rage wa tsofaffin wayoyi ƙarfi. Faransa ta ci Apple yuro miliyan 25 a watan Fabrairu 2020 saboda rashin sanar da masu saye. A Amurka, cikin shekarar nan ta 2020, kamfanin ya yarda ya biya har dala miliyan 500 don a kashe ƙarar da jama'a suka shigar, ko da ya ke bai amsa laifi ba. Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne wasiƙar da shugaban kamfanin, Tim Cook, ya rubuta wa masu hannun jari a watan Janairu 2019. Da ya ke lissafa dalilan da suka sa cinikin sababbin wayoyi ya ja baya, har da cewa wasu mutane sun ci moriyar arahar sake batir. To, kun ji daga bakin mai kaya. In batir ya yi araha, mutane su kan zauna da wayoyinsu.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, tun da ya ke da yawa cikin manyan wayoyin da ke hannun matasanmu gwanjo ne, sun yi shekara biyu ko uku a hannun wani kafin su iso nan. Apple da kansa ya ce batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500. Mai cika waya kullum zai cinye wannan adadi kafin shekara ɗaya da rabi. Ga kuma zafi. Kamfanin ya ce a yi aiki da wayar tsakanin digiri 0 da 35, abin da ya haura haka yana iya raunana batir har abada. Kowa ya san yadda Kano da Sakkwato da Maiduguri su ke a watan Afrilu, sa'ad da zafi ya ke wuce digiri 40. A cikin wannan zafin ne mu ke barin waya a gaban mota, ko mu sa ta caji ƙarƙashin matashi, ko mu kai ta rumfar mai caji inda wayoyi da yawa su ke jibge kan juna, da cajar da ba wanda ya san asalinta.

Saboda haka kafin ka ba kowa ko kwabo, ga binciken da za ka yi da hannunka. Da fari ka lura da lokacin da ta ke mutuwa. In sai caji ya yi ƙasa, ko sai ka buɗe kyamara, ko da sanyin asuba na hunturu, amma in tana jone da caja ba ta mutuwa, to, batir ne, ba sai an yi duba ba. Mai iPhone ya shiga saitin batir, tun 2018 akwai wurin da ke nuna lafiyarsa da lamba. Ka kuma kwantar da wayar a kan tebur ka dube ta ta gefe. In bayanta ya ɗago, ko gilashin ya fara rabuwa da jiki, batirin ya kumbura ke nan. Wannan kam kada ka ƙara sa ta a caji, kada ka danne ta, kada ka huda, gama yana iya kama wuta.

In kuwa kunna kanta ta ke yi ko da cikakken caji, sai a dubi wasu wurare. Ka cire mata riga, domin wata rigar tana danne maɓallin kunnawa, ƙura ma ta kan maƙale shi, waya kuwa in an danne maɓallin nan ya daɗe sai ta sake tashi. Ka cire memori, lalataccen memori ya kan sa wannan. Ka duba ko rumbunta ya cika maƙil da bidiyon da a ke ta turowa a WhatsApp, ka rage. Mai Android, irin su Tecno da Infinix da Samsung, yana da wata hanya mai kyau da a ke kira sef mod. A yawancinsu za ka danne maɓallin kunnawa, sa'an nan ka ɗora yatsa kan alamar kashewa har ta tambaye ka. A cikin wannan hali wayar ba ta tayar da ko ɗaya cikin manhajojin da ka sauke da kanka. In ta wuni lafiya, ka san ɓarawon yana cikinsu, sai ka fara goge na baya-bayan nan ɗaya bayan ɗaya. Ni na fi zargin waɗannan da ke cewa wai suna sanyaya waya ko suna ƙara mata sauri.

Filashin shi ne na ƙarshe, ba na farko ba, domin yana share duk abin da ke ciki, hotunan iyali da lambobin mutane da lissafin bashi, kuma ba ya warkar da tsohon batir ko kaɗan. Wanda zai yi ya fara kwashe kayansa. In an yi duk wannan ba ta daina ba, sai a ce ciwon yana cikin fanel. Wannan ma yana faruwa. A watan Janairu 2016 kamfanin LG ya amsa cewa wayarsa G4, wadda ta ke kunna kanta ba iyaka, wani haɗi ne ya saki a cikinta tun daga ƙira. Irin wannan laifin maƙeri ne, mai waya ba ya da hannu a ciki.

Ban zo in ɓata masu gyara ba. A Farm Centre ta Kano da sauran kasuwannin waya akwai samari masu hannu, waɗanda suka koyi sana'ar nan ba da taimakon kowa ba. Amma ka je musu da saninka. Ka ce batir ka ke so a gwada, a buɗe a gabanka, a ba ka tsohon ka tafi da shi, a kuma gaya maka kwana nawa za a karɓi sabon in ya ƙi. Araha ba ta ado, batirin jabu cikin wata biyu zai mai da kai gidan jiya.

Saura maganar hukuma. Dā can, zamanin ƙananan Nokia, kowa da farcensa ya ke ɓalle murfi ya sake batir. Yanzu an manne shi da gam, sai da zafi da kayan aiki a ke cire shi. Masu ƙira sun ce don waya ta yi siriri ne, ruwa kuma kada ya shiga, akwai gaskiya a ciki, amma ribar ba a aljihunmu ta ke faɗawa ba. Tarayyar Turai ta yi doka wadda ta fara aiki a watan Yuni 2025, cewa duk wayar da za a shigar kasuwarsu sai batirinta ya jure caji sau 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100, kuma sai kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyaranta har shekara 7 bayan an daina sayar da irinta. Mu ma muna da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokarta ta samu sa hannu a 2019. Abin da mu ke nema gare ta bai taka kara ya karya ba. A tilasta wa mai sayar da wayar gwanjo ya rubuta lafiyar batirinta a kan rasit. A tilasta wa kowane kamfani da ke cin kasuwarmu ya kawo batirinsa na asali, ya buga farashinsa a fili inda mai gyara na Gusau ko Azare zai iya saye. Masu shigo da batir da caja na jabu kuwa a tare su tun daga tashar jirgin ruwa, kafin kayan su kai rumfar yaron da ke sayar da guda biyar a wuni.